Littattafan da Lantana Ta Shayar

A takardar 'yancinta an rubuta Rita, kuma da wannan suna Turawan birnin Salvador, can ƙetaren teku, ke kiranta idan suna son ƙosai. Ita kuwa sai an kira sau uku take ɗago kai, wai kunnenta ba ya jin sunan aro. Sunanta Lantana, 'yar Malam Zubairu na ƙasar Gobir, kuma kafin a kama ta tana 'yar shekara goma sha ɗaya ta riga ta iya riƙe alƙalami.

A gangaren Ladeira da Praça take kafa kaskonta. Shekara ashirin ke nan da bayi Musulmi suka fito daga wani gida a wannan titi da fararen riguna da takubba, aka murƙushe su a bakin ruwan Água de Meninos. Tun daga lokacin hukuma ta tsani rubutun Larabci. In aka kama mutum da layi biyu, ko da addu'ar ciwon kai ce, sai bulala, ko kurkuku, ko a jefa shi jirgi a raba shi da 'ya'yansa. Malamai da yawa sun karya alƙalumansu, kuma ba wanda ya ga laifinsu. Lantana ce dai, da taurin kan da Allah ya zuba mata, ta ga yanzu ne ma ya kamata a fara rubutu.

Shinkafa take ƙonawa ta daka, ta kwaɓa da ƙaro, ta samu tawada. Sai ta zaunar da mace guda daga cikin Hausawan da suka rage, ta yi ta tambaya tana rubutawa da ajami: wane ne ubanki, wace ce uwarki, wane gari, me aka yi miki? Tambayar da ta fi so ita ce ta ƙarshe: ke kuma me kika yi musu? In ta gama sai ta ɗinke takardun da zare, ta ce littafin wance ya kammala. Goma sha ɗaya ta tara a ƙarƙashin buhun wake.

Kowace sallar azumi, da hantsi, matan kan cika ɗakinta ta karanta musu, sannan ta faɗi wanda ya fi mata daɗi a shekarar. Nan fa rigima ke tashi. Jummai mai wanki, wadda ta gudu sau uku har aka saka mata ƙarfe a wuya, ba ta taɓa yarda akwai littafin da ya kai nata ba. Amma a wannan shekarar ko ita ba ta yi musu ba. Na Iya Uwani ne, tsohuwar da ta shekara talatin tana narka kitsen manyan kifaye a bakin teku har fatar hannunta ta ƙone, kuma ba a taɓa samun ranar da ta yarda ta amsa sunan da ubangidanta ya ba ta ba. Ta rasu cikin azumin. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar zane mai kyau ba. Sunan garinta da na iyayenta, duk duniya babu inda suke sai cikin waɗannan takardu bakwai.

Lantana na tsakiyar karatu Fatsuma mai tallar lemo ta faɗo ɗakin tana haki.

"Yaya, 'yan sanda! Suna bi gida-gida daga ƙasa, har daɓe suke fasawa. Saura gida huɗu."

"A ƙona!" in ji wata.

"Takarda mai Bismilla a kai?" Lantana ta harare ta. "Kuma hayaƙin ki ce musu na mene ne?"

Tsoro ya kama Lantana, kada a ce bai kama ta ba. Amma ta tuna yadda mahaifinta ke wanke allo ya ba marar lafiya ya sha. Ta jawo ƙwaryar da take jiƙa wake, ta cika da ruwa, ta tsinke zaren littafin farko. Allah ya taimaka, gangaren nan ba ya hawuwa da sauri, shugaban 'yan sandan kuma mutum ne mai tumbi. Mata tara suka duƙa, wannan na tsomawa, wannan na gogewa da yatsa. Na Iya Uwani ta bari ƙarshe. Da ta ga baƙaƙen suna narkewa sai hawaye ya zubo mata, ta ji kamar yau ne aka yi mutuwar.

Da ɗan sandan ya banko ƙofa, abin da ya tarar mata ne zaune suna miƙa wa juna ludayi, ga fararen takardu jiƙaƙƙu a kan tabarma.

"Rita! Mene ne wannan baƙin ruwa?"

Sai da ya kira sau uku.

"Magani ne, ranka ya daɗe," ta amsa da harshensu. "Na mantuwa."

Ya ɗaga takarda ya duba a hasken ƙofa, ya juya ta, ya shinshina. Suka zazzage waken, suka farke katifa, suka fasa daɓe. Lantana na kallonsa cikin ido ta ɗaga ƙwaryar ta shanye sauran, har da abin da ya kwanta a ƙasa.

Bayan sun tafi babu wadda ta yi dariya. Jummai ce ta goge baki ta ce, "Yaya, ƙona shinkafa. Ai mun ji su sau nawa."

Wata biyu suka yi suna maido da littattafan a kan takardun nan da suka bushe suka yamutse. Wannan ta tuno layi, waccan ta gyara mata, har a yi cacar baki. Goma suka dawo cif. Na Iya Uwani ma ya dawo, garinta Gozaki, ubanta Ɗanbaba masaƙi, sai abu ɗaya: sunan uwarta ya ɓace wa kowa. Lantana ta ƙi cika gurbin da ƙarya. Ta bar fili daidai faɗin babban yatsa, kuma filin nan ya hana ta sakewa. Ita ta wanke sunan da hannunta, ita ta sha, ga shi ya ƙi fitowa.

Wata ranar Talata tana suya, mai tumbin nan na tsaye a gabanta yana jiran ƙosai, sai ga Jummai can ƙasan gangare da ƙullin wanki a ka. Ta tsaya cak a tsakiyar titi, ta saki ƙullin ya faɗi cikin ƙura, ta ɗaga murya da Hausa yadda duk unguwar za ta ji.

"Yaya Lantana! Tasalla! Sunanta Tasalla!"

Ɗan sandan ya waiwaya, ya tambaya me mahaukaciyar can ke cewa. Lantana ba ta ko dube shi ba. Ta zaro gawayi daga gefen murhu, ta buɗe tafin hannunta na hagu, ta rubuta sunan baƙi bayan baƙi a gaban idonsa, ta dunƙule hannun.

"Ƙosanka na ƙonewa, Rita," ya ce.

"Ya ƙone," in ji ta. "Hannuna ba a sake yake ba."