Tsohon da Bahago Ya Ce Ya Gani a Tasha

Bahago ake ce masa tun yana firamare, domin da hagu yake rubutu, kuma duk dukan da malamai suka yi wa hannun bai sa ya koma dama ba. Sunan ya bi shi har wurin aiki, wata ƙaramar maɗaba'a a bayan layin masu sayar da taya, inda ya shekara tara yana zana hotunan littattafan 'yan makaranta: akuya a gindin bishiya, yarinya tana wanke hannu, huhu da zuciya da kibiyoyi masu nuna sunayensu. Teburinsa na kusa da injin yanka takarda, don haka duk guntayen da suka faɗo shi ke kwashewa. A kansu ya koyi zanen fuska.

Ba mai surutu ba ne. Abokan aikinsa sun fi sanin ƙeyarsa a kan fuskarsa. In an tashi hutun rana sai ya fita ya zauna a bencin mai faci, ya zana duk wanda ya tsaya minti biyar. Matar da ke ɗinke littattafai a maɗaba'ar, wadda tsokana ba ta ƙare mata, ita ta karɓi wayarsa wata rana ta buɗe masa shafi a intanet, ta ce zanen da ke kwance a durowa ɓeraye kaɗai yake yi wa amfani.

Ya sa wa shafin suna Mutanen Hanya. Kowane zane yakan haɗa shi da layi biyu ko uku na abin da mai fuskar ya faɗa masa. Da farko gaskiya zalla yake rubutawa. Mabiya suka taru a hankali, har suka kai dubbai, kuma bai daɗe ba ya gane abubuwa biyu: labarin ban tausayi ya fi tafiya, sannan in ya yi kwana biyu bai ɗora komai ba, shafin yakan yi tsit kamar an mance da shi. Daga nan ya fara ƙara gishiri. Direban da ya ce ya gaji sai ya zama direban da bai ga iyalinsa ba wata shida. Ba wanda ya kama shi, shi ma ya daina jin komai.

Mahaifinsa tsohon mai gyaran agogo ne, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar shekara uku. Yana gidan yayar Bahago, tela ce, har ta dawo da kekenta falo don idonta ya riƙa kasancewa a kansa. Ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci a baki, ita ke kai shi asibiti gashin ƙashi sau biyu a mako. Bahago kuwa ran Asabar yake leƙawa, ya yi awa ɗaya ya tafi.

Wani mako aka yi kwana huɗu ana ruwa, ba wanda ke tsayawa a titi, ba shi da abin ɗorawa. Da ya je gidan ran Asabar ya tarar tsohon yana barci a kujera kusa da taga, hannunsa mai lafiya yana riƙe da ɗaya hannun, agogo ya yi masa yawa a wuyan hannu. Yaya tana ciki tana guga. Cikin minti ashirin ya gama zanen, kuma ya san bai taɓa yin mai kyansa ba.

Sai dai shafin na mutanen hanya ne, mahaifinsa kuma ba a hanya ya gan shi ba. Ya goge tagar ya zana rumfar tashar mota a bayansa. A ƙasa ya rubuta cewa wani tsoho ne ya gani a tasha, yana da 'ya'ya amma ba mai waiwayarsa, kullum yana zuwa ya jira motar da za ta kawo ɗayansu.

Kafin washegari zanen ya zaga inda bai taɓa zato ba. Mutane suna kuka a sharhi, suna tsine wa 'ya'yan tsohon, musamman mata, wai ɗiya mace ce ya kamata ta fi tausayi. Wasu suka tambayi wace tasha ce su kai taimako. Bai amsa musu ba. Amma ya karanta kowane sharhi, kuma ya ji daɗi, wannan shi ne abin da daga baya ya fi cin sa.

A rana ta uku wani mai gyaran rediyo, wanda shagonsa ya shekara ashirin yana jikin na mahaifinsa, ya ga zanen a wayar 'yarsa. Kallo ɗaya ya gane abokinsa. Ya tafi gidan Yaya ransa a ɓace, ya same ta da mata biyu da suka zo awo, ya tambaye ta a gabansu yaushe ta fara yar da ubanta a tasha.

Yaya ta kira Bahago a waya ta ce ya zo, ta kashe wayar.

Ya tarar baƙin sun tafi. Tsohon yana kujerarsa da tabarau, wayar Yaya a cinyarsa. Tsohon ne ya matsa sai da ta karanta masa sharhin. Ta ɗauki wayar ta miƙa wa Bahago, ta nuna masa wani da ke roƙon Allah kada 'yar tsohon nan ta ga da kyau a duniya.

"Karanta shi da bakinka," ta ce. "Ni ake nufi."

Ya kasa. Ya tsaya a tsakiyar falo yana kallon zaren da ya zube a ƙasan keke.

Maganar tsohon a hankali take fita tun da ciwon ya same shi, sai an kasa kunne. Ya tambaya wace tasha ce wannan.

"Ba tasha ba ce, Baba. Nan ne, a kujerar nan."

"To me ya sa ka kai ni can?"

Bahago ya durƙusa ya ba da haƙuri. Tsohon bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya ce a mayar da shi ɗaki, ya gaji. Da Bahago ya matso zai kama shi, sai ya ga bai san ta inda ake ɗaga shi ba. Yaya ta ture shi gefe ta ɗaga ubanta ita kaɗai.

A ranar ya goge zanen daga shafin ya rubuta gaskiya: mahaifinsa ne, yayarsa ce ke jinyarsa, shi ne ɗan da ba ya zuwa. Mutane kaɗan suka gani. Wasu suka zage shi, ya bar zagin bai goge ba. Matar da ta buɗe masa shafin ta yi mako ba ta tsokane shi ba, kuma wannan shirun ya fi masa zagin ciwo.

Yaya ta yi wata biyu ba abin da ke haɗa su sai amsa gaisuwa. Wata safiya ta aiko masa da katin asibitin tsohon ba tare da bayani ba, ya gane, ya nemi izini a wurin aiki, tun daga nan shi ke kai shi gashi Litinin da Alhamis. Ya koyi ɗaga shi, ya koyi sa masa takalmi a ƙafar da ba ta motsi. Tsohon ya yi wata goma sha huɗu bayan haka kafin ya rasu, bai sake tayar da maganar ba, Bahago kuma bai sake yin ƙarfin halin zana shi ba.

Har yanzu yana maɗaba'ar. Sau ɗaya a mako yake ɗora zane, bayan ya nuna wa mai fuskar ya karanta masa abin da ya rubuta. Da yawa sukan ce a'a. Mabiyansa sun ragu sosai.

Zanen tsohon kuwa an riga an kwafe shi, bayan 'yan watanni sai ya ɓullo a wani shafi da ƙaryar a ƙasansa, ba sunan mai zane, a sake sabon tsine-tsine. Duk inda ya gan shi yakan rubuta cewa mahaifinsa ne, shi ya zana, kuma labarin ƙarya ne. Yawanci ba mai kula shi. Kwanan baya wani ya amsa masa, ya ce ya ji tsoron Allah ya daina neman suna da aikin wasu.