Ƙafar Tankin da Tsatsa Ta Ci

Baffana mai walda ne. Tun yana saurayi ake ce masa Tartsatsi, kuma ba don sana'ar kaɗai ba. Idonsa ja ne, zuciyarsa a kusa take. Bai tara dukiya ba, bai iya daɗin baki ba. Taƙamarsa ɗaya ce: ƙarfen da ya haɗa ba ya rabuwa. Da wannan suna yake ciyar da iyalinsa.

Gida ɗaya suke zaune da yayarsa, wato gwaggona, suna shan ruwa daga tanki ɗaya da ke kan ƙafafun ƙarfe huɗu, ƙirar hannunsa. Gwaggo ƙanƙara take sayarwa. Da ruwan gishiri injinta yake daskarar da ita, kuma kullum da safe sai ta watsar da ragowar a bakin rariya, daidai gindin tankin.

Da na dawo daga karatu, na tarar ba sa ga maciji. Ƙafa ɗaya ta tankin ta yi jawur, tana ɓarewa kamar ɓawon itace, Gwaggo kuwa duk wanda ya shigo sayen ƙanƙara sai ta ja shi ta nuna masa.

"Zo ka ga aikin gwani! Wannan ne zai yi maka ƙofa? Gara ka rataya tabarma."

"Yaya, ki kiyaye ni," in ji Baffa daga ɗakinsa. "Bakinki ne ya ci ƙarfen nan. Ko dutse kika yi wa magana sai ya rududduge."

Maganar ta fita gari. Masu kawo aiki suka fara wuce shagonsa suna kau da kai.

Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne sauran ƙafafu ukun lafiyarsu ƙalau. Na durƙusa na duba. Fentin ta huɗun ya tsage daga ƙasa, ga farin gishiri ya bushe a kewayenta. Na ce musu ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun haɗu a kansa, shi kuwa gishiri hanzarta abin yake yi, don ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi ɗaukar lantarki. Tsatsar ta kumbura ta ɓare, ta buɗe sabon ƙarfe a ƙarƙashi, shi ma a ci shi. Maganin bai da wuya: a canza ƙafar, a shafe ta da fenti, a sauya wurin zubar da ruwan.

Na zaci na kashe wuta, ashe fetur na zuba.

"Kin ji ko? Gishirinki ne!"

"Ni dai na ji an ce fenti ya tsage. Wa ya shafa fentin, Tartsatsi?"

Shi ya rantse ba zai taɓa ƙafar ba sai ta wanke shi a gaban mutanen da ta ɓata shi. Ita ta ce ko sama za ta faɗo, a nan za ta zubar da ruwanta.

Ranar da tankin ya fara karkata, Baffa ya shigo da injinsa na walda. Ya sauke tankin, ya yanke ƙafafun duka, ya ƙera sababbi, ya kafa su a ƙofar ɗakinsa, ya ɗora tankin a kai, ya sa wa famfon kwaɗo. Gwaggo ta gwammace ta riƙa ɗebo ruwa a bokiti daga maƙwabta da ta roƙe shi makulli.

Tsofaffin ƙafafun kuwa ya jera su a bakin shagonsa, uku lafiyayyu da ɗaya rududdugaggiya, don duniya ta shaida ba laifinsa ba ne. Na zauna wajensa wani yammaci ina kallon masu wucewa. Babu wanda ya dubi ukun. Wani tsohon mai kawo masa aiki ya tsaya, ya sa yatsa a ramin ta huɗun, ya ce, "Ashe dai da gaske ne." Ya yi gaba.