Jiragen Kibwana Mtoro

Na fara haɗuwa da Kibwana Mtoro ranar Asabar, 9 ga Maris 1996, a rumfar gahawar Mzee Hatibu da ke garin Tanga. A nan muke wasan rabon Afirka a kan taswirar kwali, kowa ya riƙe daular Turawa guda, yana tura sojoji da jiragen ruwa na katako. Kibwana tela ne, kuma kullum Jamus yake ɗauka. Tun ranar jininmu bai haɗu ba.

In an kira la'asar, mukan bar kwalin a buɗe mu tafi masallaci. Ni kuwa ba na tashi sai na rubuta mazaunin kowane jirgi.

"Akawu sarkin tsegumi," in ji Kibwana, "har in mutum ya yi tari kana rubutawa?"

Shekara biyu yana cinye mu, yana yi mana dariya. Kullum shi ne ƙarshen fita alwala. Wata Asabar muka dawo, na ga jiragensa uku sun tare Zanzibar, wadda take hannuna. Na buɗe littafina gaban kowa.

"Mzee Hatibu, duba nan. A tsibirin Mafia muka bar su. Ko sun iya tuƙa kansu ne?"

"Ƙaryar banza!" in ji Kibwana. "Takardarka wahayi ce?"

Hatibu ya karanta, ya ɗauke kujerar Kibwana, ya jingine ta da bango.

Kibwana bai sake zama cikinmu ba. Ya koma garin Pangani da keken ɗinkinsa, ya rasu a can a 2011. Har ya mutu ba ya amsa sallamata.