Goggo Zinatu da Nisan Jidda

Duk wanda ya ci ƙuli-ƙuli a kasuwar Azare a zamanin da, ya san Goggo Zinatu, ƙanwar babana. Ni kam har yau in na tuna ta sai zuciyata ta tafasa.

Tana cikin ƙuruciyarta mijinta Hammawa ya ɗauki sanda da gora, ya ce za shi Makka a ƙasa. A lokacin, mai tsoron Allah in zai yi wannan tafiya yakan sallami matarsa, don bai san ranar komowa ba. Gogan naka ya ƙi. "Ki jira ni," in ji shi, ya bi ayarin Borno.

Ta kuwa jira. Ko ɓari ba ta taɓa yi ba, ga ta da son 'ya'ya kamar me. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa, ita dai tana tatsar mai tana suya. Babana ya yi juyin duniya ta je gaban alƙali a raba auren, ga Malam Kashim majemi yana sonta kamar ya mutu. Sai ta ce, "Haba Yaya, in kashe auren mutumin da ke kan hanyar Allah? Hanyar ce da nisa." Ta ji an ce wasu kan tsaya tsinkar auduga a Sudan su nemi guzuri, shi ke nan ta riƙe wannan.

Ana nan aka fara ɗibar alhazai a jirgin sama daga Kano. Alhaji Maikuɗi dillalin gyaɗa ya tafi, kafin gyaɗar gonarsa ta isa cira har ya dawo. Na raka Goggo yi masa barka.

"Yau kana Kano, gobe kana Jidda!" yake ta faɗa wa jama'a.

Goggo ta sunkuyar da kai. "Alhaji, ko ka ji labarin maigidana a hanya?"

"Wace hanya? Ai Hammawa ya daɗe a Jidda, shago gare shi, har ya ajiye teɓa. Ya ma ba ni saƙo. Ya ce alhazan baɗi su taho masa da ƙulinki, tunda jirgi ne ba zai lalace ba."

Ƙuli! Kun ji mutumin banza! Ya cinye mata ƙuruciya, abin da ya tuna ke nan. Wallahi da a gabana yake da sai na watsa masa man suya.

Washegari Goggo ta yafa gyale muka nufi wurin alƙali, nan take aka raba auren. Malam Kashim kuwa ya riga ya kwanta dama.

A hanyar gida ta tsaya ta gyara ɗankwali, na ga furfura fal.

"Larai," ta ce mini, "ashe kwana ɗaya ne tsakanina da shi."