Rodin Bayan Shago

Kowa a shagon waldar kawuna ya ce ni ce ban iya kwamfuta ba. Ƙarya ne. Ni nake zana furannin get, injin filasma ya bi zanen ya yanka ƙarfe, kuma ba a taɓa dawo mana da aiki ba. Rana ɗaya abin ya rikice. Da zarar wuta ta kama a bakin injin sai kwamfutar ta ƙame, yankan ya karkace. Muka ɓata get ɗin wani dillalin hatsi daga Rijau, kawu ya kore ni a gaban mutumin.

"Tashi ki je ki taya innarki wanke-wanke," in ji shi. Babban mai waldarsa, wanda ya daɗe yana hararar kujerata, har da ƙyaƙyatawa.

Na zagaya baya ɗauko takalmina, sai ga wayar injin tana reto. Rodin da muka kafa don ya janye wutar banza zuwa ƙasa, kada ta bi ta kwamfuta, babu shi, sai rami. Can na hango shi an lanƙwasa, ya zama abin ɗora kaya a babur ɗin mai waldar.

Na ɗauki takalmina na wuce gida. Washegari mai waldar za a ɗora a kujerata, da sabon ƙarfen dillalin. Na ƙudurta zan zo da wuri in zauna a benci, in bar shi ya lalata ƙarfen tas, sannan in ja kawu in nuna masa ramin.