Shingen Ɗakin Mahaifiyata

Shekarun baya, a daminar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ina koyar da Turanci a wata firamare, muna zaune a gidanmu na ƙasa a Yakasai. A darasin washegari akwai kalmar winged, wato mai fukafuki. Na tanadi misalai, su tsuntsu da jemage, amma ni da iyayina sai na ce lallai yara su gani da idonsu.

Da la'asar aka yi ruwa aka ɗauke, sai ga shinge yana ta tashi a ɗakin mahaifiyata. Na cika kwalba, na fito zaure ina washe baki. Nan na tarar da maƙwabcinmu, wani tsohon magini, ya fake wa ruwa.

"Malam, ina ka samo waɗannan?"

"Ɗakin Hajiya, Baba. Ta bango suke fitowa, saitin gadonta."

Ya miƙe, ko takalmi bai saka ba. Ya ce shinge gara ce ta yi fukafuki, in ta ɓullo ta bango to gidanta na ciki, kuma ta daɗe tana ci.

Muka shiga, ashe Hajiya ta tayar da sallah a gindin bangon. Ya ƙwanƙwasa, sai ƙara kamar ta ƙwarya. Ya danna sandarsa ƙarƙashin azara, ta shige kamar a tuwo, ƙasa ta fara zuba a gefen sallayarta. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na kasa katse ta, na kasa fita, ina ƙirga raka'o'inta.

Tana sallamewa na ce ta taso.

"Ɗakin da aka kawo ni ina amarya? Ba inda za ni."

"Hajiya, ɗakin nan ya gaji," in ji magini.

Ta juya mana baya. Ni da ban taɓa yi mata musu ba, na sungume ta na yi waje, tana faɗa tana dukan kafaɗata. Ranar a ɗakina ta kwana, ko tuwona ba ta ci ba.

Ruwan asuba ya kawo rufin ƙasa, daidai kan gadonta.

Ta yi shekaru bayan nan kafin ta rasu, amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Na ga abin da idona ban gane ba. Da tsohon nan ya wuce gida abinsa, da ni da kaina zan ja mata ƙofa in ce sai da safe.