Kwalaben da Nake Awon Mai da Su

Ƙarar kwalba ce ta fara komai. Ba fashewa ta yi ba, 'yar uwarta kawai ta goga a cikin bahon wanki, ƙil, irin ƙarar da nake ji kullum ban taɓa ɗaga kai ba. Ina zaune a tsakar gida bayan la'asar, waya a hannu, ina kallon wani fim mai dogon zango da duk matan unguwarmu a Bodinga suke bi a lokacin. 'Yar autata mai shekara bakwai tana gefena tana wanke mini kwalaben man gyaɗa. A daidai nan ne wani ɗan attajiri a cikin fim ɗin ya shanye abin da ke hannunsa, ya jefa kwalbar cikin kwandon ɗakinsa, ta faɗa kan wasu. Sai na ji ƙarar sau biyu, ɗaya a waya, ɗaya a gefena.

Na tsayar da fim ɗin, na mayar da shi baya, na buɗa hoton da yatsu biyu. Sannan na sa hannu cikin bahon na ɗauko guda. Gajera, mai ruwan ƙasa, mai siririn wuya. Ita ce.

Na daɗe ina sana'ar ƙuli-ƙuli da mai a cikin gida. Mai sayen man miyar rana ɗaya ba ya buƙatar babbar kwalba, 'yar ƙaramar nan ita ce awonsa. Da can sai na yi cigiya kafin in samu. Amma tun da babban ɗana ya gama sakandare ya fara bin babansa gonar albasa a Dingyadi, ban sake nema ba. Zai shigo da su cike da leda, ya ajiye bakin madafa, ya ce da ƙanwarsa, "Ga kwalaben Inna." Ni kuma in sa masa albarka a zuciya. Mu jiƙa su, takardar jikinsu ta saɓule, mu kife su a rana. Na yi makaranta, ina karanta Turanci daidai gwargwado. Amma ban taɓa tsayawa na karanta takardar nan ba, ko sau ɗaya.

Fim ɗin labarin 'ya'yan masu kuɗi ne a wani babban birni. Gida mai bene, mota kowa da tasa, su kulle ɗaki su tsiyaya maganin tari cikin lemon roba su yi ta kurɓa har harshensu ya yi nauyi. Kafin ranar nan kallonsa nake yadda ake kallon gobarar wani gari: in ce Allah ya kyauta, in tashi in ɗora tuwo. Bayan ranar kuwa sai na koma karanta abin da masu kallo suke rubutawa a ƙarƙashinsa. Wani ya ce an ci mutuncin masu arziki don hassada. Wata ta ce Allah ya saka wa waɗanda suka shirya shi, sun yi wa'azin da ya fi na lasifika. Na ƙasanta ya ce ƙarya ne, koya wa yara suke yi, shi kansa a nan ya ga yadda ake haɗawa. Wasu kuma rigar jarumar kawai suke tambayar inda aka ɗinka. Duk wanda na karanta sai in ji kamar shi ne mai gaskiya, har in karanta na gaba. Na yi ta gangarawa ƙasa ina neman mutum ɗaya da ya rubuta yadda uwa za ta gane. Ban samu ba.

A satin ne aka yi suna gidan yayata a Shagari. Na hau bas da 'yar auta da kwanon ƙuli-ƙuli. Ana cikin tuƙin tuwo hirar fim ɗin ta tashi, kamar yadda take tashi ko'ina mata suka taru.

"Ni ban ga abin tausai ba," in ji yayata, tana sharce zufa. "Yaron da ka cin kaza safe da marece, mi za ya hana shi lalacewa? Namu in sun wuni bisa ban ruwa, ko ƙarfin ɗaga kofi ba su da shi."

Malamar Islamiyyarsu, wadda ke tsince shinkafa, ta ce, "Ni dai shawarata a bar kallon shi. Abin da ido ya saba gani, zuciya na daina ƙyamarsa."

Ɗiyar yayata mai karatu a Sakkwato ta sunkuyar da kai, ta ce, "Malama, kashi na nawa kika tsaya?"

"Na tara," in ji Malama, kafin ta ankara.

Aka kwashe da dariya, har da ita. Ta ce ai don ta san abin da za ta hana ne.

Sai goggonmu, wadda ba ta ma riƙe waya ba, labarin kawai jikokinta suke ba ta, ta gyara zama ta ce, "Ni uwar yaron nan nika jin haushi. An ce tana gaban madubi tana ɗaurin ɗankwali, ɗanta na mutuwa ɗaki na gaba. Wagga uwa ce? Uwa ko da ido ruhe ta san in ɗanta ba daidai yake ba."

Kowa ya ce gaskiya ne, Goggo. Ni ma bakina ya faɗa. Muciyar da ke hannuna ce ta yi mini nauyi.

Na daure na ce, "To, wai abin nan da suka sha, ana samun shi nan wajenmu?"

Yayata ta dube ni. "Ke da ka awon mai da kwalabensa kike tambaya?" Aka sake dariya. "Maganin tari ne fa, ƙanwata. Mutane na tari. Na fim ɗin nan ciwon masu kuɗi ne, ke da ni Allah ya tsare mu da talauci."

Ashe kowa ya san kwalbar. Ni kaɗai ce ban sani ba, ko kuma ni kaɗai ce sanin ya dama. A hanyar dawowa na yi ta lissafin tarin da zai ci kwalba cike da leda duk sati. Ban taɓa jin garin da ake tari haka ba.

Na fara lura da yaron. Fim ɗin ya nuna alamomi, na haddace su kamar karatun allo: jan ido, barcin rana, jan magana, satar zinaren uwa. Idonsa ja ne, amma duk wanda ya wuni yana juya albasa a rumfa idonsa ja ne, har babansa. Yana barci bayan azahar, babansa ma haka. Magana dama can bai cika yi ba. Zinare kuwa ba ni da shi balle a sata. Da an kira salla yana tashi. Alamomin na gidan bene ne, na rasa yadda zan auna su a gidan ƙasa.

Na gwada babansa. Na ce masa fim ɗin nan yana tayar mini da hankali. Ya ce, "To ki daina kallo mana." Na ce kwalaben nan fa? Ya ce lebura ne masu ban ruwa suke sha don su ji ƙarfi, yana ganinsu, ba ruwansa da su matuƙar sun yi aikinsa. "Yaronki kuwa a gabana yake wuni." Na san akwai ranakun da yake tafiya kasuwar albasa ya bar yaron a gona.

Abin da ya rage in tambayi yaron. A fim, uwar ta rungume ɗanta tana kuka tana kiran sunansa, masu kallo suka yi ta rubuta cewa wurin ya sa su hawaye. Ni wannan ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. Kakarsa ce ta goya shi, ni kuwa ko abinci zan ba shi sai dai in ajiye in kau da kai. Haka aka yi mini, haka na ga ana yi, kuma ban taɓa jin hakan ya rage komai a abin da nake ji game da shi ba. Sai a satin nan na ga ba ni da ƙofar shiga.

Ranar Juma'a da safe yana zaune bakin ƙofar ɗakinsa yana shan kunu. Na juya masa baya ina kwashe ƙuli-ƙuli daga kasko, na ce da 'yar auta, da ƙarfin da zai ji, "Tambayi yayanki ina yake samo kwalaben nan."

Ta juya ta maimaita masa, kalma bayan kalma.

Na ji ya ajiye kofi. "Ce ma Inna bakin rijiyar gona nika tsinto su. Lebura ka yadda su."

"Ce masa abin nan ba shi da kyau."

"Ce mata na sani."

Muryarsa lafiya lau, ba rawa, ba nauyi. Ya tashi ya ɗauki hularsa ya fita. Na ji wani sanyi ya sauka mini, na yi hamdala. Har na ji kunyar zargin da na ɗora wa yaron da ke tuna ni da kwalba alhali ban aike shi ba. Na ce a raina yayata ce mai gaskiya, ko Malama, ko duk su biyun. Kallon ne ya sa mini waswasi.

Duk da haka na ji ba zan iya sake zuba man da mutane za su ci a cikinsu ba. Na miƙa wa 'yar auta tsohon buhu, na ce ta bi gidan nan lungu-lungu ta tattaro duk wata kwalba irin wannan, wankakkiya da wadda ba a wanke ba, kada ta bar ko ɗaya. Ta tafi tana jan buhu, ina jin ƙarar su, ƙil, ƙil, daga madafa zuwa bayan randa. Can sai ƙarar ta tsaya. Ta dawo ta tsaya a gabana, bakin buhun a hannunta.

"Inna, har da wadda Yaya ka ɓoyewa cikin takalminsa na gona? Ita ba ta ƙare ba, saura rabi."